Katin tarihi na mai cajin waya a kasuwar Tawa

Masu son tarihi cikin Hausa, akwai wani saurayi mai rumfar cajin waya a babbar kasuwar Tawa, bayan waƙoƙi da wa'azi yana tura darussan tarihi na murya. Jika biyu da katin memori, in ka zo da naka jika ɗaya. Yaron ba ya da wulaƙanci, sai ya kunna ma ka ji kafin ka biya.

Mafi yawan darussan dai irin wanda muka sani ne tun lakwal, amma na sarakunan Indiya shi kaɗai ya isa kuɗin wallahi. Malamin ya bi abin dalla-dalla, wai ashe lokacin da Ingila za ta tafi a 1947 akwai masarautu sama da 500 da ba Bature ke mulkinsu kai tsaye ba, kowace da sarkinta, ran 15 ga Agusta yarjejeniyarsu da Ingila ta faɗi, aka ce kowa ya zaɓa, Indiya ko Pakistan. Sardar Patel da V.P. Menon, manyan gwamnatin Indiya, suka dinga lallashi, ka sa hannu ka ba mu tsaro da harkar waje da sadarwa, sauran naka ne. Hmm, naka ne ɗin nan bai daɗe ba.

Inda ya fi daɗi sarakunan da suka yi gardama. Na Junagadh musulmi ne, talakawansa galibi Hindu, ya ce Pakistan zai bi, ƙarshe birnin Karachi na Pakistan ya gudu aka yi ƙuri'a a 1948 Indiya ta ɗauka. Nizam, wato sarkin Hyderabad, da duk dukiyar nan tasa ya ce shi ƙasar kansa yake so, watan Satumba 1948 sojan Indiya suka shiga, ko sati ba a yi ba zance ya ƙare. Kashmir kuma akasin Junagadh, sarki Hari Singh Hindu, jama'a galibi musulmi, ya yi ta jan ƙafa har mayaƙa suka shigo daga ɓangaren Pakistan sannan ya sa wa Indiya hannu a Oktoba 1947, to rigimar da muke ji a rediyo har yau ke nan tushenta. Kuɗin da ake ba sarakunan duk shekara ma firaministar Indiya Indira Gandhi ta soke a 1971.

Matsala dai sauti. Da waya aka ɗauka, kana jin babur da zakara a baya, wani wurin sai ka manna wayar a kunne. Kuma ya tsallake masarautun da suka bi Pakistan irin su Kalat da Bahawalpur, ni kuma na so a ce ya taɓo namu, Damagaram da Agadas da Illela, yadda suka kwana da Faransa a 1960. Fayilolin ba suna, lambobi ne kawai, don haka ku ce ya nuna muku na Indiyar tun a rumfa, kuma ku je da safe kafin kuran ya ɗauke.