Kafin ka sayi madubin likita: wanne ne zai nuna maka ƙwayar halitta da yadda take hayayyafa?

Abu na farko da zai ja idonka a jikin kwalin madubin likita shi ne lambar da aka rubuta da manyan baƙi: 1200x, 1600x, wani lokaci har 2000x, wato sau nawa yake ninka girman abin da ake dubawa. Ita ce kuma abu na farko da nake roƙon mai saye ya kau da kai daga gare ta. Wani ɗalibina ya taɓa tara kuɗinsa ya sayi irin wannan, ya kawo mini yana murna zai ga bakteriya tana iyo. Muka ɗora fatar albasa, muka juyo gilashi mafi ƙarfi, abin da ya fito dishi-dishi ne kawai, kamar ka leƙa ta gilashin tagar da ruwan sama ya jiƙa. Ya ce, "Malam, ko ta lalace ne?" Lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta.

Haske kansa yana da iyaka. Tun a 1873 Ernst Abbe, wani Bajamushe, ya nuna cewa madubin da ke aiki da haske ba zai iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan maikiromita 0.2 ba, kuma maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da zarar ka wuce ninki 1000, ba wani sabon abu da za ka gani, dishi-dishin kawai kake buɗawa, kamar yadda hoton waya yake fashewa in ka yi ta ja da yatsu. Lambar da ta dace ka nema ƙarama ce, tana jikin gilashin ƙasa mai fuskantar abin da ake dubawa. Za ka ga 10/0.25 ko 40/0.65. Ta farko ninki ce, ta biyu ita ce ke faɗin yawan hasken da gilashin yake tarawa, kuma ita ce ke yanke kaifin hoto. Gilashin da ba a rubuta masa ta biyun ba, akasari roba ne, ka ajiye shi.

Sai ka tambayi kanka me kake son gani. Idon mutum yana tsayawa a wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ƙwayar fatar albasa babba ce, ninki 40 ma ya fito da ita jere kamar tubalin gini. Wadda za ka kankaro daga cikin kuncinka ba ta wuce maikiromita 50 zuwa 60 ba. Jar ƙwayar jini 7 zuwa 8 ce, ƙwayar yis tana kusa da haka, bakteriyar E. coli kuwa tsawonta wajen 2 ne kacal.

Da wannan ma'auni, nau'i biyu sun faɗi tun a zagayen farko. Akwai madubin sitiriyo mai ido biyu, wanda ninkinsa yawanci 10 zuwa 40 ne. Na'ura ce mai kyau ƙwarai ga mai son ƙafar tururuwa ko bayan ganye, amma ba za ka ƙirga yis da ita ba. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan mai kama da tocila da ake sokawa a kwamfuta ta USB. Kyamara ce mai ɗaukar hoto daga kusa, tana haska abu daga sama, alhali ƙwayar halitta garai-garai take, sai haske ya ratsa ta daga ƙasa take bayyana. Ninkin da ake rubutawa a jikinta kuwa da faɗin allon kwamfutarka aka lissafa shi.

Foldscope ya fi su cancantar a tsaya a kansa. Madubi ne na takarda da ake ninkewa, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, yana da ɗan ƙwallon gilashi guda mai ninki 140. Kada ka raina shi. Da gilashi guda irin wannan Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holand ya ga bakteriya a shekarun 1670, jim kaɗan bayan Robert Hooke ya duba ɓawon itace a 1665 ya ga 'yan ɗakuna a jere, wato ƙwayoyin halitta. Ga yaron da ake son gani ya kori ji a wurinsa, ya wadatar, kuma yana shiga aljihu. Matsalarsa saitawa da yatsu: filin da kake gani ƙarami ne, yana gocewa da ɗan motsi, ƙirga kuwa tana son abin da zai tsaya cak.

Wanda nake ba da shawara shi ne madubin ɗakin gwaji na gargajiya, mai gilashin ido 10x da gilasan ƙasa uku: 4x, 10x da 40x. Ninki 400 ke nan a ƙarshe, wato 10 na ido sau 40 na ƙasa, kuma ya isa ka ga cibiyar ƙwayar kunci, ka ga yis yana fitar da ɗan toho a gefensa wanda zai girma ya rabu. A cikin wannan nau'in ma akwai na wasa akwai na aiki. Na aiki yana da maɓallin saiti biyu, babba da ƙarami, domin a ninki 400 murɗa kaɗan ke ɓatar da hoto gaba ɗaya. Yana da gilashin tara haske a ƙarƙashin farantin da ake ɗora abin dubawa, da 'yar ƙofa da ake tsukewa a buɗe, wadda in ba ita yis zai narke cikin farin haske ba za ka gan shi ba. Fitilar LED ta fi ta halojin, don ba ta zafi, ba ta busar da ɗigon ruwan da kake dubawa. Ido ɗaya ko biyu? Hoton duk ɗaya ne, amma wanda zai yi rabin awa yana ƙirga zai gode wa mai ido biyu.

Sai farantin da ake tuƙawa da maɓalli, gaba da baya, hagu da dama. Mutane da yawa suna tsallake shi don rage kuɗi, ni kuwa da a ce dole in zaɓa tsakaninsa da gilashin 100x, shi zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba. Dalilin yana cikin aikin da madubin zai yi.

In hayayyafa kake son gani da idonka, ba a littafi ba, sai ka haɗa da gilashin ƙirga na Neubauer. Falle ne mai kauri da aka zana wa layuka. Murabba'in tsakiyarsa milimita ɗaya ne kowane gefe, zurfinsa 0.1, saboda haka ruwan da ke kansa kashi ɗaya ne cikin 10,000 na mililita. An raba shi gida 25. Ka ƙirga gida biyar, huɗu na kusurwa da na tsakiya, ka ninka sau 5, ka sake ninkawa sau 10,000. In ka sami ƙwaya 60 a gida biyar ɗin, akwai miliyan 3 a kowace mililita. Yanzu ka yi tunanin bin waɗannan gidaje da yatsa, a madubin da in ka tura hagu hoton ya tafi dama. Kafin ka kai gida na uku ka manta inda ka tsaya.

Da wannan gilashi, da ɗan yis a ruwan sukari mai ɗumi, za ka zana labarin yawan al'umma da hannunka. Da farko shiru, ƙwayoyin suna sabawa da wuri. Sai adadi ya fara ninkuwa. A yanayi mafi daɗi yis yana ninkuwa duk bayan minti 90, E. coli duk bayan minti 20, wato ƙwaya ɗaya ta haura biliyan cikin awa 10. A kwalbarka ba zai yi wannan gudun ba, amma za ka ga hawan. Daga nan abinci ya ƙare, barasar da yis ɗin ke fitarwa ta taru, layin ya kwanta. Irin wannan ƙirgar Georgy Gause ya yi a Rasha a farkon shekarun 1930, da yis da Paramecium, wata 'yar halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya. Ɗigon shuɗin rinin metilin zai ƙara maka wani abu: matattun ƙwayoyi suna shan rinin su yi shuɗi, rayayyu su zauna fari. Kada ka rufe kwalbar gam, iskar da ke fita za ta iya fasa ta. Kuma ka tsaya a kan yis, renon bakteriya a ɗaki ba wasa ba ne.

Saura batun sabo da na hannu. Tsohon Olympus, Nikon, Zeiss ko Leica da ya fito daga wani ɗakin gwaji sau da yawa ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba, araha dai ba ta ado. Amma kada ka biya sai ka leƙa. Ka cire gilashin ido ka ɗaga shi a haske: in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce ta ci gilashin, gogewa ba ta fitar da ita. Ka saita hoto a 40x ka saki hannu na minti ɗaya, in hoton ya ɓace da kansa, farantin yana zamewa. Ka juya daga 10x zuwa 40x, abin da ke tsakiya ya kamata ya zauna a tsakiya, ya buƙaci ɗan taɓi kawai.

Gilashin 100x yana iya jira. Sai da ɗigon mai na musamman yake aiki, sai an goge shi bayan kowane amfani, kuma bakteriyar da za ka gani da shi sai an rina ta tukuna. In ka ga an rubuta 160 a jikin gilasan da ke madubin, wato tsawon bututunsa a milimita, kuma na tsarin DIN ne, ma'aunin Jamus da ke sa gilashin wani madubi ya hau wani, ka tabbata akwai gurbi na huɗu a jikin abin juyawa. Ranar da buƙatar ta zo, sai ka sayo shi shi kaɗai ka murɗa.