Notin kujerar giyabos: a sa masa gam ko a ɗaure shi haka?

Masu zirga-zirga a hanyoyin burji na ƙauyukan Ringim da Taura sun san yadda gargada ke kwance notin kujerar giyabos, wato abin nan mai roba da giyabos ke zaune a kai, shi ya sa wasu makanikai ke ɗiga Loctite, wani gam na riƙe noti, a zaren notin kafin su ɗaure. Shuɗin Loctite mai lamba 243 shi ne daidai, yana cike ramin zaren ya hana girgiza juya notin, kuma ran da za a sauke giyabos sifana kawai za ta kwance shi. Sai dai fa a wanke zaren da fetur ya bushe tukuna, kuma sai ya yi awa 24 kafin ya kama sosai, wanda direban da lodin kasuwa ke jira ba zai so ji ba. Loctite mai launin ja kuwa kar ma ka soma, sai an gasa shi da wuta yake sakewa, ga robar kujerar a gefe, ga jikin giyabos na alminiyam.

Ɗaurin haka kuma, noti mai kyau da washa, an ja shi daidai ƙarfin da kamfani ya ce, yana riƙewa lafiya lau a kwalta, ba ko sisi. Matsalar yawancin garejinmu da ƙiyasin hannu ake ja.

Ni dai motar ƙauye shuɗin zan sa. Amma in roba ta tsage, gam ba ruwansa, canza kujerar kawai.