Rance ko haɗin gwiwa: wane kuɗɗi ya dace da harkar domen?

Salam. Ƙanena da ka ce kana da domen (sunayen adireshin shafukan intanet da ake saye don a sayar) wajen ashirin kuma akwai wani Alhaji unguwarku da ke son zuba kuɗɗi, kana tambaya ko ka amsa a matsayin rance ko ku yi haɗin gwiwa a raba riba, bari in ba ka tawa don na taɓa shiga irin wanga hali.

Ka hwara gane irin hajar da ke hannunka. Wanda ya sayi ragon kiwo Kara ya san ranar da za a nemi ragonshi, in layya ta matso kasuwa za ta buɗe ko da tsada ko da araha. Mai ajiyar albasa ma haka, ya kwashe ta sanda ta cika kasuwa daga Goronyo ko Wurno, ya san watan da za ta yi wuya. Shi domen ba shi da Sallah. Kana iya riƙe suna shekara biyar ba wanda ya ko taya, rana guda wani kamfani ya turo maka saƙo. Kuma duk shekara sai ka ba shi dusa, wato kuɗɗin sabuntawa, in ka yi sake lokaci ya wuce ya fita hannunka wani ya ɗauke. Verisign, kamfanin da ke riƙe da .com, ta kai kuɗɗin kowane suna dala 10.26 a Satumba 2024, wannan farashin sari ne, kai wajen dillalai irin GoDaddy ko Namecheap sai ka biya sama da haka. Sunaye 100 ke nan fiye da dala 1,000 duk shekara, alhali tsofaffin ƴan harkar kan ce in ka sayar da ɗaya ko biyu cikin ɗari a shekara to ba ka yi asara ba.

To ɗauki rance. Daɗinshi guda ne, sunayen naka ne, in Allah ya kawo mai saye da tsoka ribar duka taka ce, ka maida ma Alhaji abin da ya ba ka shi ke nan. Amma rance shina da rana, hajarka kuwa ba ta da ita. Ni haka anka yi min. Wani babban yayanmu ya ranta min kuɗɗi farkon 2023 a kan shekara guda, na sayi sunaye ina jin na zama ɗan kasuwa, sai ga naira an sake ta watan Yuni, dalar da ke ɗari huɗu da wani abu a banki kafin ka ce mi ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar farkon 2024. Lokacin sabuntawa da lokacin biyan bashi sunka haɗu wata guda. Ina zaune shagon wani abokina bayan Magariba da waya hannu ina goge sunaye ɗaya bayan ɗaya ina zaɓen wanda zan bari ya mutu, mafi kyawunsu kuma na sayar ma wani ɗan harkar da arahar da har yau ban son tunawa. Maganar ruwa kan rance kuwa ba sai na tsaya ba, kai ma ka san hukuncinta, in ya ce zai ɗora wani abu sama ka gode mishi kawai.

Haɗin gwiwa shi ne irin wanda malamanmu ke kira mudaraba, shi da jari kai da aiki, riba a raba yadda kunka shirya, in an yi asara ba da sakacinka ba ta hau kan jari, kai kuma wahalarka ta tafi. Wanga ya fi dacewa da domen nesa ba kusa ba, don ba wanda zai tilasta maka sayarwa ranar da kasuwa ba ta so. Sai dai ka sani ka sayo kanka abokin shawara. Ranar da anka taya suna dala 2,000 kai kana ganin zai kai 10,000, shi kuma ya ji an lissafa mishi da naira, wallahi sai ya ce sallama. Kuma mutumin da ya saba in ya sayi fili ya tafi Bado ko Arkilla ya taka da ƙafarshi ya ga tubali, yanzu ka ce mishi dukiyarshi wasu haruffa ce cikin waya, bayan wata shida ƴaƴanshi za su hwara tambaya.

Kuma kar ka ɗauka manyan masu kuɗɗi na waje ba su ƙonewa. A 2005 kamfanin Marchex na Amurka ya biya dala miliyan 164 kan tarin sunayen wani mutum guda, lokacin tallar da ake ɗorawa kan domen da ba kowa ciki tana kawo kuɗɗi duk wata, abin da ya jawo masu jari ke nan. Kuɗɗin tallar ya ja baya, a 2015 sunka sayar ma GoDaddy sunaye sama da 200,000 a kan dala miliyan 28. Saboda haka in za ka zauna da Alhaji don Allah kar ka buɗe da labarin Voice.com da anka sayar dala miliyan 30 a 2019. Gaskiya ne an sayar, amma ba irinshi ke aljihunka ba, in ka sa mishi wanga lissafi a kai kai za ka sha.

Ni dai in ni ne, haɗin gwiwa, amma da takarda da shaidu biyu. A rubuta sunan wa ke kan akawun, a ware kuɗɗin sabuntawa na shekara ukku tun ranar farko kuma a aje su da dala, a rubuta cewa kasuwannin domen irin Afternic ko Sedo za su cire kamashonsu kafin a yi maganar riba, a yanka farashin da ƙasa da shi ba a sayarwa. Sunan kamfanin mutane ko na banki kar ka taɓa shi da kuɗɗin wani, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana, ga kuma ƙarar da ake kaiwa WIPO, hukumar kare haƙƙin mallaka ta duniya, a ƙwace sunan. In Alhaji ya ji shekara ukku ya ɓata rai, to ka ce mishi ya sayi albasa, kai ka ci gaba da ashirin ɗinka, in kuɗɗin dala sun yi maka nauyi ka ƙara da .com.ng da ake biya da naira. Turo min sunayen ta waya in duba, ƙila ma rabinsu ba su cancanci sabuntawa ba.