Akademiyoyin ƙwallo na unguwa a Jidda da Makka: me kuɗin iyaye ke saya?

A gidajen Hausawa na Jidda da Makka, yaro ya ce zai zama ɗan ƙwallo ba abin dariya ba ne. A tawagar Saudiyya da ta je gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha akwai 'yan baya uku masu sunan Hausawi: Usama, Umar da Mu'utaz, kuma Usama, haifaffen Makka da ya taso a ƙungiyar Al-Wehda, shi ne kyaftin. Ga shi kuma an ba ƙasar baƙuncin gasar 2034. Sai dai ƙofar manyan ƙungiyoyi irin su Al-Ittihad da Al-Ahli, ko makarantar wasanni ta Mahd da gwamnati ta ƙaddamar a 2020, ba kowa take buɗe wa ba. Yawancin yaranmu a akademiyar unguwa suke ƙarewa: fili mai ciyawar roba da aka yi haya, koci ɗaya ko biyu, atisaye sau biyu ko uku a mako, kuɗi duk wata. Irin waɗannan muke dubawa a nan.

Abin yabonsu a fili yake. Suna kusa da gida, suna raba yaro da yawon titi bayan magariba, kuma yawanci filin na da fitila da shinge. Rigar atisaye da jaka ma ba laifi. Amma ba riga uba ke biya ba, koci yake biya, kuma a nan ne bambancin yake da yawa, har tsakanin ajin da ke wannan rabin fili da na wancan rabin.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne auna koci da kofunan da aka jera a ofis. Cin kofi da yara 'yan shekara goma ba wuya. Ka samo yara biyu da suka riga tsaransu girma, ka sa ɗaya a baya ya riƙa doka ƙwallo sama, ɗayan a gaba ya riƙa tsere wa kowa, shi ke nan. Bayan shekara uku ko huɗu sauran sun kamo su a tsayi, sai a tarar yaron da ake yi wa tafi bai iya tsayar da ƙwallo da ƙafar hagu ba. Shi ya sa ranar atisaye ta fi ranar wasa nuna halin koci. Je ka zauna daga farko har ƙarshe, ajiye waya a aljihu, zaɓi yaro ɗaya wanda ba naka ba, ka ƙirga sau nawa ƙafarsa ta taɓa ƙwallo cikin minti goma.

Ga abin da ake yawan gani. Yara ashirin sun yi layi ɗaya a bakin da'ira ta goma sha takwas, koci na tsaye da ƙwallaye uku a ƙafarsa. Ya gangaro wa na gaba, yaro ya buga, ya je ya ɗauko, ya koma bayan layi. Idan kowane bugu ya ci daƙiƙa goma sha biyar, kowane yaro na samun bugu ɗaya a minti biyar, wato bugu huɗu a minti ashirin. Sauran lokacin suna tsokanar juna ne a layi, koci na yi musu tsawa. Kocin da ya san aikinsa zai raba su gida huɗu, ya sa mazubai su zama raga, kowane rukuni da ƙwallonsa, uku da biyu ko biyu da biyu. Daga nesa sai ka ga kamar hargitsi, amma kowane yaro na karɓa, yana juyawa, yana yanke shawara da kansa. In ya tsayar da su don gyara, magana ce ta rabin minti, ya nuna da ƙafarsa, a ci gaba. Wanda ke tara yara yana musu lacca minti goma suna zaune, iyayen da ke bakin shinge yake wa wasan kwaikwayo.

A ganinmu koci ɗaya bai kamata ya riƙe fiye da yara goma sha biyu ba, in dai ƙanana ne. Duba girman ƙwallon ma: lamba 3 ga 'yan ƙasa da shekara takwas, lamba 4 zuwa kusan sha biyu, lamba 5 daga sha uku. Ɗan shekara bakwai da aka ba lamba 5 da tsinin ƙafa zai koyi bugu, saboda ta yi masa nauyi, kuma raba shi da wannan ɗabi'a sai an sha wuya. Haka fili: ƙanana biyar-biyar ko bakwai-bakwai suke bukata, ba sha ɗaya-sha ɗaya a babban fili ba, inda ɗan baya zai yi rabin awa yana kallon fitila.

Takardar shaidar koci tana da matakai, C, B, A da Pro, a tsarin hukumar ƙwallon nahiyar Asiya, kuma babu rashin kunya a ce, "Koci, wane mataki ka yi, kuma a ina?" Mai ita zai nuna ba tare da ɓacin rai ba. Amma takarda ba ta koya wa mutum haƙuri da yaro, haka ma tsohon ɗan wasa. Wasu daga cikin mafi zafin kai tsofaffin 'yan wasa ne da ke mamakin yadda yaro ya kasa abin da su suke yi ido rufe.

Sai zafi, wanda a Jidda ba abin wasa ba ne. Ciyawar roba tana riƙe zafin rana fiye da iska, ga laimar teku da ke hana gumi bushewa, jiki ya kasa sanyaya kansa. A watannin bazara atisayen da aka sa kafin la'asar sakaliya, mai akademiya ya sa shi ne don hayar fili ta yi masa sauƙi. Koci nagari yana tsayar da kowa a sha ruwa duk minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba ya jiran yaro ya roƙa. Duk wanda ke hana ruwa a matsayin horo, ko ya ce hakan ke sa yaro ya zama namiji, a cire yaro daga hannunsa a ranar. Jiri, ciwon kai, amai ko magana a rikice alamu ne na a kai yaro inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwan sanyi, in bai dawo daidai nan take ba a kira motar asibiti. Da azumi kuwa a mayar da atisaye bayan tarawihi, amma a tuna da safe akwai makaranta.

Ɗumama jiki ma na nuna ko koci ya yi karatu. Zagaye fili sau biyar a guje tsohon yayi ne. FIFA na da tsarin 11+, kusan minti ashirin na gudu, tsalle, tsayuwa da ƙafa ɗaya da ƙarfafa cinya, da wani nau'insa na ƙananan yara, an yi su ne don rage rauni. Yaro ɗan sha ɗaya zuwa sha huɗu da ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ba lalaci yake ba. Lokacin da ƙashi ke saurin tsawo, jijiyar da ke wurin tana jan inda ta manne, kuma maganinsa rage tsalle da gudu, ba "daure, kai ba mace ba ce". In kuma kai ya bugu har yaro ya ga jiri, ya gama wasa a ranar, ko da shi ne mai cin ƙwallayen. Amurka ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015. Ba dokar nan ba ce, amma kocin da ke jera 'yan takwas yana jefa musu ƙwallo a goshi sau talatin ya kamata a tambaye shi dalili. Takalmi kuma, a sayi mai gajerun haƙora masu yawa. Dogayen haƙora na ciyawar gaske suna kafewa a roba, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba.

Ranar wasa abu biyu kawai za ka lura da su: benci da bakin koci. Duk iyaye kuɗi ɗaya suka biya, don haka yaron da ke zuwa atisaye ba fashi ya cancanci aƙalla rabin wasa a wannan shekarun. Shigar da shi saura minti biyu don a rufe bakin ubansa cin fuska ne, kuma yaron ya sani. Sannan saurari abin da koci ke faɗa bayan kuskure. In gola ya gwada ba ɗan baya ƙwallo a ƙasa aka ƙwace aka ci, sai ka ji "wa ya ce ka yi haka? Doka ta waje!", to daga ranar golan ya daina gwadawa. Wani kocin zai ce, "Dabara ce mai kyau, amma ɗaga kai ka duba kafin ka bayar." Wanda ke faɗa wa yara kowane motsi, ba shi, juya, buga, yana renon 'yan wasan da ba za su iya komai ba ranar da ihun 'yan kallo ya danne muryarsa. (Mu ma iyaye ba mu tsira a nan ba. Uba na ihun "buga!" a bakin shinge, koci na cewa "riƙe", yaro ɗan tara ya rasa wanda zai bi.)

Akwai abin da ya fi dabarun ƙwallo muhimmanci: a guji atisayen da ake hana iyaye kallo, kocin da ke tura wa yaro saƙo a waya shi kaɗai, ko mai ɗaukarsa a mota ba da sanin gida ba. Duk maganar akademiya ta bi ta wayar uba ko uwa.

Kafin a biya, a tambayi abubuwan da ba a rubuta a takardar talla ba. Kuɗin wata ya haɗa da na shiga gasa da mota, ko za a riƙa zuwa da su ɗaya bayan ɗaya? Wanda aka nuna maka ranar gwaji shi ne zai riƙe ajin, ko wani saurayi ne zai karɓa bayan sati biyu? Ga iyalan da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, a nemi amsa a rubuce ko za a iya yi wa yaron rajista a gasar hukuma, ko wasannin sada zumunta kaɗai zai riƙa bugawa. A fara da biyan wata ɗaya ko da an yi ragi a na wata shida. In kuwa koci ya fara maganar yana da mutum a Sifen ko Ingila, a kawo kuɗin gwaji da na biza, a sani cewa dokar FIFA ta hana sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 ƙungiya zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan yanayi ƙayyadaddu, kamar a ce iyayen ne suka ƙaura can saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba.