Hattara da masu sayar da "yawon asuba cikin hazon teku"

Assalamu alaikum jama'ar Yamai. Akwai wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp da TikTok, musamman a gurup-gurup na mata masu adashe da na amare. Ƙaramin jirgin ruwa fari yana ratsa hazo da sassafe, mace da namiji a zaune suna shan shayi, waƙa mai sanyi tana tashi. A ƙasa an rubuta cewa tafiya ce daga Yamai zuwa Kwatano ko Lome, da mota da otal da abinci, sannan babban abin: jirgi naku ku kaɗai bayan sallar asuba, ku shiga cikin hazon teku. Kada wanda ya tura musu ko dala. Babu jirgi, babu otal, babu tafiya.

Na yi shekaru ina sana'ar motoci tsakanin tashar jiragen ruwa ta Kwatano da nan gida, shi ya sa da matar ƙanena ta nuna mini bidiyon ban kai ƙarshensa ba na ce mata ƙarya ce. Lokacin kuwa ta riga ta biya rabi. Ta ce, "Yaya, ai har resi suka ba ni." Na ce, "Resin wa? Da hatimin wane ofishi?" Hoto ne kawai, wanda kowane yaro zai iya haɗawa da waya.

Ga yadda suke yi. Da kin yi magana, sai a amsa miki da muryar mace mai ladabi, Hausa ko Zabarmanci, wanda kika fi so: "Hajiyata, kin yi sa'a, wuri biyu ya rage." Sai a saka ki cikin wani gurup inda mutane ke ta godiya, wannan ta ce ta dawo jiya, waccan ta saka hoton kuɗin da ta tura. Yawancinsu lambobin ɓarayin ne da kansu. Farashin da suka yanka wa matar ƙanena jika 150 ne na mutum biyu, a ba da rabi a kama wuri, ta wurin masu aika kuɗi, da sunan wani mutum dabam wanda ba shi ne ke magana ba. Bayan kwanaki sai a ce akwai kuɗin inshora. Sai kuɗin rigar ceto. Sai kuɗin izinin sojan ruwa, wai saboda jirgin na keɓe ne. Kowanne kaɗan-kaɗan, yadda mutum zai ce tunda na riga na zuba da yawa bari in cika. Ana gobe tafiya sai saƙo ya shigo: an ɗaga, wai masu hasashen yanayi sun ce ba za a yi hazo ba wannan mako, kuma ba sa son su cuce ki. Dubi rainin hankali. Abin da suka sayar miki shi ne kuma uzurin da za su hana ki da shi, har ranar da za a cire ki daga gurup a toshe lambarki.

Yanzu bari in tsaya kan bidiyon, don a nan ƙaryar take kwance a fili.

Hazon teku mai kauri irin wannan yana da dalilinsa. Iska mai ɗumi da danshi ce ke bi ta saman ruwa mai sanyi ƙwarai, sai ta huce, danshin ya zama ƙananan ɗigo ya tsaya a saman ruwa. Shi ya sa ake yawan samunsa a gaɓar Namibiya, wajen Walvis Bay, inda igiyar ruwan sanyi ta Benguela ke haurowa daga kudu, da San Francisco ta Amurka, inda yake rufe gadar Golden Gate. Tekun da ke gaban Kwatano da Lome kuwa ruwan ɗumi ne, galibin shekara yana kusan digiri 27 zuwa 29, sai wajen Agusta yake ɗan yin sanyi. Ana iya wayar gari da ɗan hazo a kan tafki ko bakin kogi, rana na ɗagowa ya watse. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma budar hunturu ce ke sauka har bakin teku, ƙura ce irin wadda muke sha a nan, ba sai an biya kuɗin mota an je kallonta ba. Ko a ƙasashen da ake yin hazon na gaske, babu matuƙin da zai rantse maka cewa ranar kaza da ƙarfe 6 zai sauko.

Sannan ku kalli abin da ke bayan jirgin. Duwatsu ne dogaye, da itatuwa irin na ƙasashen sanyi, mutanen ciki sun sha manyan rigunan sanyi da huluna. Wanda ya taɓa bin hanyar Kwatano zuwa Lome ya san babu dogon dutse irin wannan ko ɗaya a gaɓar. Rairayi ne shimfiɗe da itatuwan kwakwa, da zafi mai sa riga ta manne a jiki tun safe. Ruwan bidiyon kuma kwance yake lumui, alhali tekun can igiyarsa ba ta wasa. Masunta da aka haifa a bakinsa ma sai sun tsaya sun lissafa igiya kafin su tura kwalekwale, kuma ruwan yana cin mutane a wuraren shaƙatawa irin Fidjrossè. Bidiyon na wata ƙasa ne aka sato aka ɗora masa waƙa.

A ce ma akwai hazon, shiga cikinsa da ƙaramin jirgi kusa da tashar da manyan jiragen kwantena ke shige da fice ba abin marmari ba ne. Ana kiran abu hazo ne idan ido ba ya gani har kilomita 1. Dokar tuƙin teku ta duniya ta 1972 ta wajabta wa jirgi mai inji da ke tafiya cikin irin wannan yanayi ya riƙa busa ƙaho mai tsawo, kada tsakanin busa biyu ya wuce minti 2, ya kuma rage gudu. Matuƙi na kirki idan ya ga hazo jira yake yi. Wanda ke tallar zai kai amarya da ango tsakiyarsa da gangan, ko bai san teku ba, ko ba shi da jirgin.

Hanya ma ba su faɗin gaskiyarta. Daga Yamai zuwa Kwatano ya haura kilomita 1,000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kowa ya san yadda aka rufe gadar Gaya da Malanville da ke iyakar Nijar da Benin, da yadda matafiya suka koma tsallaka kogin Isa da kwalekwale. Ta Lome kuma akan ratsa Burkina, da matsalar tsaron da ke kan hanyar. Su kuwa a tallarsu kamar za a je Boubon, ƙauyen nan kusa da Yamai, a dawo. Ki tambaye su wace mota, daga wace tasha, ta ina za a ƙetare, sai ki ji, "Hajiya, ki bar mana wannan, mun san aikinmu."

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin ba ne. Suna karɓar hoton katin shaida gaba da baya, wai don rajistar otal. Da irin wannan hoton ake yaudarar na gaba: a tura masa a ce ga katina don ka yarda da ni. Wata rana baƙo ya zo yana neman kuɗinsa wurin baiwar Allah da ita ma cutarta aka yi.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, kada ya goge komai. A ɗauki hoton hirar, a adana saƙonnin murya da lambobin da takardar aika kuɗin mai ɗauke da sunan wanda ya karɓa, a kai kwamisariya ko ofishin PJ, wato 'yan sandan binciken laifuka. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Ba na yi muku alkawarin kuɗi zai dawo, amma sunan mai karɓa zare ne da ake iya ja. Na san kunya ke hana mata da yawa magana, musamman wadda ta taɓa kuɗin adashe ko ta ɓoye wa maigida don ta ba shi mamaki, kuma da wannan shirun ɓarayin suke cin kasuwarsu. Idan kuma wani ya kira daga baya ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato miki kuɗinki in kin ba da na mai, su ne dai suka dawo.

Mai son hawa ruwa da sassafe a Benin, akwai Ganvié, garin da aka gina a kan tafkin Nokoué. Ana shiga kwalekwale daga Abomey-Calavi, a biya a wurin, ido na ganin jirgi da matuƙi. A nan gida ma masu kwalekwale na bakin Isa suna nan, sai dai a nemi wanda ya san inda dorina take, a kuma kauce wa cunkoso.

Ban saka sunan shafin ko lambobinsu ba, domin suna canza su kamar riga, kuma wata lambar da katin wani bawan Allah aka yanke ta. Bidiyon ne ba su cika canzawa ba: farin jirgi, duwatsu, rigunan sanyi. Wanda ya gan shi a gurup ɗinsu ya tura wa admin wannan rubutu.