Tera Term, PuTTY ko minicom: da wanne za ka yi magana da modem, kuma wane kebul za ka saya?

Duk wanda ya sayi ɗan allon SIM800L, wato ƙaramin modem mai cin SIM, don haɗa na'urar tura saƙon tes ya san cewa sai an fara gaisawa da modem ɗin baki da baki daga kwamfuta, ta wata manhaja irin su Tera Term, PuTTY ko minicom. Ka buga AT, ya amsa OK. Yaren nan tun 1981 yake, daga kamfanin Hayes na Amurka, kuma har yau da shi ake tambayar ƙarfin sabis: AT+CSQ zai ba ka lamba daga 0 zuwa 31, in ka ga 99 to bai gano komai ba.

Ni dai Tera Term nake ba kowa. Kyauta ce, daga Japan ta fito tun 1994. Da ka buɗe ta za ta jero maka tashoshin COM da ke jone, wato sunayen da Windows ke ba kebul ɗin serial, ka zaɓa kawai. Ka shiga Setup, Serial port, ka sa gudu 9600 ko 115200, bit 8, babu parity, stop bit 1, flow control a none. Modem na jiran alamar CR, wadda maɓallin Enter ke turawa, a ƙarshen kowane umarni, kuma a shafin Terminal wurin saita wannan a fili yake. In kana bugawa ba ka ganin rubutunka, tura ATE1 don modem ya riƙa maido maka abin da ka buga; in haruffa suna fitowa bibbiyu, kashe local echo a shafin Terminal ɗin. Tana ajiye duk hirarku a fayil, sannan tana da macro, wato jerin umarni da take turawa da kanta: ka rubuta sendln 'AT+CMGF=1' da wait 'OK' sau ɗaya, ka huta da maimaitawa. Wanda ya taɓa gwada allo goma a yini ɗaya ya san daɗin wannan.

PuTTY gwana ce a SSH, wato shiga wata kwamfuta daga nesa, amma a nan sai ka nemo lambar COM da kanka, kuma da flow control na XON/XOFF a kunne take zuwa maimakon none. minicom ta masu Linux ce da haddar Ctrl+A, maɓallan da umarninta ke farawa da su. HyperTerminal kuwa tun Windows Vista aka cire ta.

Inda ake cin kuɗin mutane shi ne kebul ɗin USB zuwa serial, wanda ke haɗa modem da kwamfuta. Na taɓa sayen wani mai guntun PL2303 na kamfanin Prolific a cikinsa, mai shagon yana cewa, "Wallahi yallaɓai, orijinal ne, in ya ƙi ka dawo da shi." Na jona, Device Manager ya nuna ɗorawar alama da Code 10. Har ƙarfe biyun dare ina zargin modem, ina canza SIM, ashe guntun da ke cikin kebul ɗin jabu ne, sabuwar direbar Prolific ba ta karɓarsa. Da na mayar, sai ya ce ai na riga na yage leda.

Kada sunan FTDI, wani kamfanin da ke ƙera irin wannan guntu, ma ya ruɗe ka, shi aka fi kwaikwaya. A Oktoban 2014 wata direbar kamfanin da ta biyo ta Windows Update ta riƙa mayar da lambar shaidar jabun guntunsa FT232 zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane su. Idan aka ba ka FTDI da arhar banza, ajiye musu kayansu. Gara kebul mai guntun CP2102 na Silicon Labs, ko CH340 wanda dama can mai arha ne. Manhajar ma akwai ta bogi: an sha raba PuTTY mai ɗauke da ƙwayar cuta ta tallan shafukan bincike, don haka kar ka latsa talla.

Kuma kar ka ba SIM800L wuta daga ƙafar 5V ta kebul. Tsakanin 3.4V da 4.4V yake so, yana kuma fizgar har amfiya 2 lokacin neman sabis. Batirin 18650 ya ishe shi, ka haɗa ƙafar GND ta allon da ta kebul, ƙafar turawa (TX) ta kowanne ta tafi ƙafar karɓa (RX) ta ɗayan.

Yanzu da laftof nake zuwa kasuwa. A gaban mai shago nake haɗa TX da RX na kebul ɗin da guntuwar waya, in buɗe Tera Term, in buga haruffa. In sun dawo a allon laftof in biya, in ba su dawo ba ya ɗauko wani.