Unity ko Godot: da wanne mai son shiga ƙirar wasanni zai fara?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra ya tambaya: gyaran waya yake yi a Circle, laftof ɗinsa RAM giga 8 gare ta, yana so ya koma ƙirar wasannin bidiyo. Cikin manhajojin haɗa wasanni, Unity zai kama ko Godot?

Malam, da wannan laftof ɗin Godot ya fi maka. Kyauta ne ɗungurungum, saukarsa ba ta kai mega 200 ba, ba sai an girka shi ba, danna kawai ya buɗe. Harshensa GDScript ya yi kama da Python. Idan za ka fara sabon aiki, a wajen zaɓen tsarin nuna hoto zaɓi Compatibility a madadin Forward+, don shi ne yake tafiya lafiya a tsofaffin kwamfutoci da ƙananan wayoyi.

Unity kuwa giga da dama yake ci, ga na Android Build Support (ƙarin da ake fitar da wasa zuwa Android da shi) a kai, ka ga kuɗin data ke nan. Buɗe aiki ma sai ka yi ta jira, in dumso (ɗaukewar wuta) ya zo batir ya tafi a banza. Da C# ake rubuta shi, kuma kyauta ne muddin kuɗin shigarka bai wuce dala 200,000 a shekara ba. Inda ya yi wa Godot fintinkau shi ne neman aiki: kamfanonin wasan waya sun fi tambayarsa. In burinka wuri irin Leti Arts, kamfanin wasanni na Ghana da aka kafa a 2009, ƙara Unity daga baya.

Amma fa ƙira daban, rubuta kod daban. Mai ƙira shi ke tsara dokoki da matakan wahala. Ɗauki dara, canza doka ɗaya, ka gwada da mutum biyar a kan kwali kafin ka taɓa kwamfuta.

Inda ake tuntuɓe: zuba hotuna masu faɗin pixel 4096, wasa ya yi kyau a laftof, a Itel ya riƙa sandarewa saboda RAM ta cika. Rage su zuwa 1024, ai wayoyin gwaji na nan cike da teburinka.

Kada ka rufe shago tukuna. Gama ƙananan wasanni uku, ka ɗora a shafin wasanni na itch.io kyauta, ka shiga Global Game Jam, taron haɗa wasa cikin ɗan lokaci, a watan Janairu. Google Play dala 25 ne sau ɗaya, kuma sabon asusu na ƙashin kai sai mutum 12 sun gwada wasan kwana 14 kafin a fitar da shi.